Feftayid masu kashe ƙwayoyin cuta: inda gizo ke saƙa

Kusan kowane wata sai labari ya zaga cewa masu bincike sun gano wani sinadari a fatar kwaɗo, ko a dafin kunama, ko a cikin turɓaya, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari magani. Jama'a su yi ta yaɗawa ana hamdala. Mafi yawan sinadaran nan 'yan gida ɗaya ne, sunansu feftayid. Ina cikin masu ganin akwai alheri a tattare da su, kuma muna buƙatarsu fiye da kowa: binciken da mujallar Lancet ta buga a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen, kimanin mutum 27 a cikin kowane dubu 100. Saboda buƙatar ta kai haka nake so mu daina tafi a wurin da ba nan aikin yake ba.

Feftayid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Masu kashe bakteriya yawanci tubali 10 ne zuwa 50. Jikinmu ma yana ƙera nasa, kamar LL-37 mai tubali 37 da ke fata da cikin fararen ƙwayoyin jini. Hans Boman ya ciro sekrofin daga wani ƙwaro a Suwidin a 1981. A 1987 Michael Zasloff, a Amurka, ya lura cewa kwaɗin Xenopus da ake yi wa tiyata a mayar da su cikin ruwa mai datti, ɗinkinsu ba ya ruɓewa. Da ya bi diddigi sai ya samo magainin a fatarsu, mai tubali 23.

Yadda suke kisa abin sha'awa ne. Tantanin da ya lulluɓe bakteriya yana ɗauke da cajin negatif. Feftayid ɗin kuma yana ɗauke da fozitif, daga +2 zuwa +9, saboda tubalan laisin da arjinin da ke jikinsa, sannan kusan rabin tubalansa masu gudun ruwa ne masu son maiƙo. Cajin ya janyo shi kamar maganaɗisu, ɓangaren mai son maiƙo ya nutse cikin tantanin, idan suka taru da yawa sai su huda shi, abin cikin ya tsiyaye. Cikin mintuna an gama. Ƙwayoyin jikinmu kuwa bayansu kusan ba caji, kuma kolestarol ya ƙara musu tauri, shi ya sa feftayid ke fifita bakteriya. A kula da kalmar: fifitawa yake yi. Idan ya yi yawa, mu ma yana huda mu.

An san wannan tun 1939, lokacin da René Dubos ya samo giramisidin daga bakteriyar ƙasa, tun kafin fenisilin ya wadata a asibitoci. Ya kashe bakteriya sarai, amma da aka sa shi a jijiyar dabba sai ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Har yau a ɗigon ido da man shafawa ya tsaya. Shekara 80 da ɗoriya, katangar da ta tare Dubos ita ce ke tare mafi yawan sababbin da ake yi wa guɗa.

Bari mu shiga ɗakin gwaji mu ga hanyar da feftayid ke bi.

Da farko ƙira. Ana gina shi tubali bayan tubali a kan 'yan ƙananan ƙwallayen roba, dabarar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963 har ta ba shi kyautar Nobel a 1984. Kowane amino asid yana zuwa da murfi a bakinsa. A cire murfin da sinadarin fiferidin kashi 20 cikin ɗari a cikin ruwan narkarwa mai suna DMF, a wanke, a liƙa na gaba, a wanke, a maimaita. In an kai ƙarshe a yanko sarƙar daga robar da ruwan TFA (wani asid mai ƙarfi) kashi 95, a kwantar da ita da sinadarin ether mai sanyi, a tace a na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC, a busar, a auna nauyinta a tabbatar ita ce. Lissafin nan ne ke cizo: idan kowane haɗi yana cin nasara kashi 99, bayan haɗi 30 kashi 74 ne kawai na sarƙoƙin suke daidai. Idan ya sauka zuwa kashi 95, abin da ya rage kashi 21 ne, sauran duk gurgun sarƙoƙi ne masu giɓin tubali ɗaya ko biyu, waɗanda raba su da na kirki ke cinye lokaci da kuɗi. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi: garin da ya fito yana riƙe da ragowar TFA da ruwa, har su kai kashi 20 zuwa 30 na nauyinsa. Wanda ya auna miligiram ɗaya ya rubuta miligiram ɗaya na feftayid ya riga ya ɓata lissafinsa, kuma TFA ɗin kansa yana cutar da ƙwayoyin da ake gwaji a kansu. Sai an musanya shi da asitet ko kuloraid kafin a taɓa dabba.

Sai gwajin MIC, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya tsiro. Faranti mai gurbi 96, romon Mueller-Hinton, bakteriya dubu 500 a kowane mililita, a riƙa raba ƙarfin maganin biyu daga gurbi zuwa gurbi, a ajiye a zafin digiri 35 zuwa 37 na awa 16 zuwa 20, a duba gurbin farko da ya zauna garau bai yi gurɓi ba. Ga tarkon: feftayid mai caji yana mannewa a jikin farantin folistairin da bakin fifet, bututun ɗiban ruwa, don haka rabin abin da ka zuba bai taɓa ganin bakteriya ba. Shi ya sa masu aikin ke amfani da farantin folifurofilin, suna tsarma feftayid a ruwan asetik asid kashi 0.01 da albumin (furotin na jini) kashi 0.2. Ɗakuna biyu za su gwada abu guda, ɗaya ya samu 2, ɗaya ya samu 16, bambancin duk daga roba.

A nan mafi yawan takardun bincike ke tsayawa, a nan labari ke fita. Alhali wannan shi ne mataki mafi sauƙi. Sabulu ma yana kashe bakteriya a faranti.

Abin da ya kamata a nema kafin a yi murna gwaji uku ne, kuma duk ukun ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba.

Gishiri. Jini yana da gishiri kimanin milimola 150, ga kalsiyam da magniziyam. Waɗannan ma fozitif ne, suna zama a kan tantanin bakteriya su tsare wurin da feftayid zai sauka. Feftayid da yawa da suka yi bajinta a ruwa mai ƙarancin gishiri, da an kai su gishirin jini sai ƙarfinsu ya faɗi ninki huɗu, takwas, ko ya ɓace ɗungurungum.

Ruwan jini. A zuba feftayid a ruwan jinin mutum kashi 25 ko 50, a ajiye a digiri 37, a riƙa ɗiba a minti 0, 15, 30, 60, 120 ana auna abin da ya saura. Miƙaƙƙiyar sarƙa ta tubalan da jiki ya sani, sau da yawa kafin awa guda rabinta ya tafi. Abin takaicin shi ne enzayim, wato furotin masu yanka sarƙa a jiki, irin tirifsin suna yanka ne daidai bayan laisin da arjinin, wato tubalan da suka ba feftayid cajin da yake kisa da shi. Wanda ya tsira daga yanka kuma albumin da maiƙon jini su riƙe shi, ƙoda ta tace ragowar.

Jajayen ƙwayoyin jini. A wanke su sau uku, a haɗa da feftayid na awa ɗaya a digiri 37, a juya a na'ura su kwanta, a auna jan da ya fito a ruwan sama, a kwatanta da na Triton X-100 wanda ke fasa su duka. Abin nema shi ne tazara tsakanin adadin da ke kashe bakteriya da adadin da ke fasa jini. Melitin na dafin ƙudan zuma, tubali 26, yana kashe bakteriya ƙwarai, amma tazararsa kusan babu. Duk labarin dafin kunama ko na maciji da bai kawo wannan lambar ba, bai faɗi komai ba tukuna.

Akwai dabarun gyara, kuma kowacce tana da farashi. A sa tubalan D, masu juyayyar siffa da enzayim ba su gane ba: ya daɗe a jini, tsada ta ƙaru, kuma daɗewar na iya zama taruwa a ƙoda. A haɗa kai da wutsiya ya zama zobe: ya yi ƙarko, ƙirar ta yi wuya. A liƙa masa jelar maiƙo: kisa ya ƙaru, fasa jini ma ya ƙaru. A ƙara caji: ya fi kama bakteriya, ya fi kama ƙoda. Gaba kura, baya sayaki, kuma gwanintar fannin gaba ɗaya tana cikin nemo siririyar hanyar da ke tsakani.

Maganar ƙoda ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce maƙabartar wannan iyali. Bayan ƙoda ta tace jini, bututunta na farko yana da wani maɗauki mai suna megalin, aikinsa ya kwaso ƙananan furotin ya mayar da su jiki. Feftayid mai fozitif yana manne masa, sai ƙwayoyin bututun su haɗiye shi su tara, har adadinsa a cikinsu ya ninka na jini sau da yawa, su fara mutuwa. Murefabadin na kamfanin Polyphor a Suwizalan, wanda aka samo asalinsa daga furotejirin na fararen ƙwayoyin jinin alade, an tsara shi tsaf don Pseudomonas aeruginosa kaɗai. Ya kai mataki na uku na gwaji a kan masu ciwon huhu a asibiti, aka tsayar a 2019 saboda ƙodar marasa lafiya na lalacewa fiye da yadda aka zata. Ɓeraye ba sa nuna wannan da kyau. Gwajin cinyar ɓera da aka saba, inda ake karya garkuwarsa da maganin saikulofosfamaid, a sa masa bakteriya kimanin miliyan ɗaya a cinya, a fara magani bayan awa biyu, a ƙirga a awa 24, yana gaya maka ko magani na kisa a cikin jiki. Ba ya gaya maka abin da kwana goma na ƙarin ruwa zai yi wa ƙodar dattijo mai ciwon suga.

Wasu suka ce to a bar allura, a yi man shafawa. Feksiganan, jikan magainin mai tubali 22, an yi shi don gyambon ƙafar masu ciwon suga. Hukumar FDA ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999. Aka sake gwaji biyu na mataki na uku da man kashi 0.8, sakamakon ya fito a 2016: bai fi man da babu magani a ciki ba, muddin ana wanke gyambon ana kula da shi yadda ya dace. Wani feftayid, iseganan, ya faɗi a gwajin gyambon baki da na ciwon huhun masu na'urar numfashi. Ɗan'uwansa omiganan ma bai cimma babban burin gwajinsa na bakin bututun jijiya ba. Zuwa yau babu miƙaƙƙen feftayid ɗaya daga kwaɗo, ƙwaro ko mutum da aka amince a sa shi a jijiya a matsayin maganin bakteriya.

Amma feftayid suna asibiti, kuma suna ceton rai. A dubi waɗanda suka kai labari: bankomaisin, folimiksin B, kolistin, daftomaisin, basitirasin. Dukkansu daga bakteriyar ƙasa suka fito, dukkansu naɗaɗɗu ne masu zobe, da baƙin tubalan da enzayim ɗinmu ba sa iya yankawa, kuma dukkansu a tanki ake noma su, bakteriyar ce ke ƙera su da kanta. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Semaglutaid na ciwon suga feftayid ne, amma miligiram ɗaya ko biyu ne a mako. Maganin bakteriya kuwa, a ce miligiram 5 ga kowane kilo, mutum mai kilo 60, sau uku a rana na kwana bakwai: giram 6.3 ke nan ga mutum ɗaya. Ƙera kilo ɗaya a kan roba yana cin dubban kilo na ruwan wanki da sinadarai. Duk wanda ke tsara feftayid bai tambayi kansa yadda za a noma shi a tanki ba, yana tsara maganin da talaka ba zai taɓa gani ba.

Labarin daftomaisin ya kamata kowane ɗalibin haɗa magunguna ya haddace. Kamfanin Eli Lilly ne ya fara aikinsa a shekarun 1980, ya ajiye shi saboda yana lalata tsoka idan ana bayarwa sau biyu a rana. Kamfanin Cubist ya karɓa a 1997, ya gano cewa tsoka tana buƙatar hutu tsakanin allura da allura, sai aka mayar da shi sau ɗaya a rana. Sinadarin bai canja ba ko kaɗan, lokaci kawai aka canja, aka amince da shi a 2003. Ana ba da miligiram 4 ga kilo a ciwon fata, 6 idan cutar ta shiga jini, ana auna CPK, alamar lalacewar tsoka a jini, duk mako. Ba ya aiki a ciwon huhu domin maiƙon da ke shafe cikin huhu yana riƙe shi, kuma in ba a sa kalsiyam miligiram 50 a lita cikin romon gwaji ba, zai fito kamar ba ya aiki. Irin wannan sani ne ke mayar da sinadari magani, kuma shi ne ba ya samun kanun labarai.

Sabon da ya fi ba ni fata shi ne zosurabalfin, wanda kamfanin Roche da masu bincike na jami'ar Harvard suka bayyana a Janairun 2024 don Acinetobacter baumannii. Ba ya huda tantani. Yana toshe injin da bakteriyar ke fitar da kayan ginin bangonta na waje, kayan su taru a ciki su kashe ta. Nau'insa na farko mai fozitif ne, da aka sa wa ɓeraye a jijiya sai ya dunƙule da maiƙon jini ya cutar da su. Gyaran da aka yi shi ne daidaita cajin. Wato an ci gaba ne ta hanyar rage siffar da aka daɗe ana yabon feftayid da ita. Teiksobaktin na 2015 da lariyosidin na 2025 su ma kowanne yana da takamaiman abin da yake kamawa, na farko tubalin ginin bango, na biyu masaƙar furotin ta bakteriya. Ra'ayina shi ne nan gaba take, wajen masu kama abu guda su riƙe. Kwamfuta yanzu tana zubo sunaye ba adadi: wani aiki na 2024 ya lissafo jeri 863,498, aka ƙera 100, 79 suka nuna ƙarfi a faranti. Aiki ne mai kyau, amma ya ƙara tsawon layi ne a bakin ƙofar da dama can ba ta da cunkoso. Ƙuncin yana gaba, wajen jini da ƙoda da kuɗi.

Wata magana da nake so a daina maimaitawa ita ce wai bakteriya ba za su iya bijire wa feftayid ba. Suna iyawa. Staphylococcus aureus yana liƙa laisin a tantaninsa ya rage negatif. Proteus da Serratia da Burkholderia kolistin bai taɓa cin su ba. A 2006 an raini bakteriya zuriya ɗari shida zuwa bakwai a cikin feksiganan da ake ƙara ƙarfinsa sannu a hankali, suka saba da shi. Wani gwaji na 2012 ya nuna wanda ya saba da feksiganan yana fara jure wa difensin, feftayid ɗin da jikin mutum ke ƙerawa. Wannan haɗari ne da fenisilin ba shi da shi: mu koya wa bakteriya kaucewa garkuwar da Allah ya halicce mu da ita.

Wanda ya kawo mu gida. Kolistin an samo shi a Jafan wajen 1949, aka jingine shi a shekarun 1970 saboda ƙoda, aka dawo da shi bayan 2000 don babu wani abin da ya rage wa Klebsiella da Acinetobacter da suka gagari manyan magungunan karbafenem. A Nuwambar 2015 aka ba da rahoton mcr-1 a aladu da mutane a Sin, ƙwayar gado da ke rufe cajin bangon bakteriya, kuma tana tsallakawa daga wannan bakteriya zuwa waccan. Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017. An riga an ga mcr-1 a kajin gona a Najeriya. Duk da haka, ka shiga shagon maganin dabbobi ka karanta bayan ledar garin da ake kaɗa wa 'yan tsaki a ruwan sha daga ranar farko, "don rigakafi": a da yawa za ka ga kolistin a jere da wasu magunguna biyu ko uku. Kashin kajin nan taki ne, yana zuwa lambun latas da kabeji. Mai kiwo ba mugu ba ne, jarinsa yake karewa, kuma ba wanda ya gaya masa garin nan shi ne abin ƙarshe da likita zai ɗauko wa jariri a ɗakin kulawa ta musamman.

A asibiti ma muna yi masa riƙon sakainar kashi. Kolistin ba ya yaɗuwa da kyau a cikin agar, daskararren abincin da ake rainon bakteriya a kai, don haka ɗan faifan takarda mai magani da ake ɗorawa a faranti ba ya ba da amsar dogaro. A 2016 hukumomin ƙa'ida na Turai da Amurka suka ce a romo kaɗai ake gwada shi. Takardar sakamako da ta ce yana aiki bisa faifai tana iya sa a ba mutum maganin da zai ci ƙodarsa bai taɓa cutar ba. Ga kuma rikicin ma'auni: wata kwalba tana rubuta raka'a, wata miligiram, raka'a miliyan ɗaya kimanin miligiram 80 ce ta kolistimetet, nau'in kolistin da ake allura, amma kimanin 33 ce in da tsantsar kolistin aka auna. Babba yana fara da raka'a miliyan 9, a ci gaba da miliyan 9 a rana a rabe biyu ko uku, ana duba kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, kullum ana gyara gwargwadon ƙarfin ƙoda. Wanda ya rikita ma'aunan biyu zai ba da ninki biyu da rabi, ko ƙasa da rabi.

Sabon ba zai zo da wuri ba, domin kasuwarsa a karye take. Kamfanin Achaogen ya samu amincewar sabon maganinsa a 2018, ya durƙushe a Afrilun 2019, saboda sabon maganin bakteriya mai kyau ajiye shi ake yi sai ta ɓaci. Ingila ta fara biyan kamfanoni kuɗin shekara tsayayye a 2022, har fam miliyan 10 ga magani guda, ko an sha ko ba a sha ba. Ko da wannan ya yi aiki, sai an yi shekaru kafin kwalbar farko ta iso Kano ko Damagaram.

Ga malamanmu da ɗaliban digiri na biyu da na uku masu aiki a kan feftayid, roƙona ƙarami ne. Kada a buga MIC shi kaɗai. A gwada a kan bakteriyar da aka ciro daga marasa lafiyarmu, a maimaita da gishiri milimola 150, a maimaita da ruwan jini, a sa lambar fasa jini a gefensa, a faɗi irin robar farantin da tsarkin garin. In ya faɗi, a buga faɗuwar, domin wani kada ya ɓata shekara biyu a kan abu guda. Ga hukumomin magunguna da likitocin dabbobi kuwa: a cire kolistin daga garin rigakafin kaji, a bar shi sai da takardar likitan dabbobi, kuma a samar wa kowane asibitin koyarwa faranti mai gurbi 96 da garin kolistin salfet na gwaji, domin a daina rubuta sakamakonsa daga faifai.